Yaro ya gama JSS3 yana son zama injiniya, ina za a kai shi?

Iyaye da yawa na rikicewa a nan, yaro tun yana ƙarami yake kwance rediyo da tocila yana ɗaurawa, yanzu kuma an rasa makarantar da ta dace da shi.

In burin jami'a ne kai tsaye to makarantar kimiyya, irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a Kano da suke yaye ɗalibai tun bayan kafa su a 1977. Zai samu lissafi da fiziks da kemistri sosai, waɗanda su JAMB ke nema tare da Turanci, sai dai hannunsa ba zai taɓa ƙarfe da yawa ba.

Kwalejin fasaha ita na fi so a tsaya a duba da kyau. Can ake koyon wayarin da walda da kanikanci, a ƙarshe a zana NABTEB, jarabawar kammala makarantun fasaha, kuma satifiket ɗin yana shiga poli har ma jami'a in darussan sun cika. Amma don Allah kar sunan makaranta ya ruɗe ka, je ka da kanka ka ce a buɗe maka wokshof, in ka tarar da injin yankan ƙarfe lulluɓe da leda ƙura ta yi masa kauri to allo kawai yaran suke kwafa. Ka tambaya yaushe aka kunna shi, akwai janareta ko sola in an ɗauke wuta, sannan wane kamfani ko gareji suke tura yara koyon aiki, waye yake zuwa duba su a can. Wannan haɗin da masana'anta shi ne kuɗinka. SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu da asusun horon ma'aikata na ITF ke kula da shi, na 'yan poli da jami'a ne, ɗan sakandare sai in makarantarsa ta nema masa wuri da kanta. Cibiyar horo ta kamfanin haɗa motoci na PAN a Kaduna da Dangote Academy a Obajana ma sai gaba, amma yaron da ya saba da kayan aiki ya fi shiga da ƙarfinsa.

Akwai kuma kai shi wurin oga, a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ba tsada kuma hannu na faɗawa da wuri, matsalar ba takarda sai in an bi ta tsarin NSQ mai ba masu sana'ar hannu takardar ƙwarewa, na hukumar ilimin fasaha ta NBTE, kuma COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, ba ta rijistar mutum a matsayin injiniya sai ya yi karatun injiniya mai zurfi. Ka lura ko ogan yana ba yara gilashin walda da safar hannu, ido ba a sayar da shi a kasuwa.

Ni dai in kwalejin fasahar kusa da ku wokshof ɗinta a mace yake, gara makarantar kimiyya sannan duk dogon hutu ya tafi gareji, mace ce ko namiji.