Naman barewa a shagon mahaucinmu na Birmingham

A titin Alum Rock da ke Birmingham mahautan halal sun yi yawa, kuma kusan duk abu ɗaya suke sayarwa: rago, saniya, kaji, wani lokaci akuya. Shagon da nake sayen nama ya bambanta da su da abu guda. Yana kawo naman barewa irin ta ƙasar nan, mai ƙaho mai rassa. Mata da yawa cikin 'yan'uwanmu da ke zaune a nan sun tambaye ni ko ya ci kuɗinsa. Amsata ita ce ya ci, amma sai kin san abin da za ki dafa da shi tun kafin ki shiga shagon.

Maganar halal ita ce farkon abin da na tsaya a kai. Barewa ba ta yi ƙaranci a Birtaniya ba. Iri shida ne ke yawo a dazuzzukan ƙasar, biyu daga ciki 'yan asali, sauran shigo da su aka yi, har da wata ƙarama da aka kawo daga ƙasar Sin wadda girmanta bai wuce na gada ba sosai. Tun da aka ƙarar da kyarkeci a ƙasar babu dabbar da ke cin su, shi ya sa suke ta hayayyafa suna cinye ƙananan itatuwa, har dole ake rage su da bindiga kowace shekara, musamman a tsaunukan Scotland. Da yawa daga naman da ake gani a kasuwa daga wannan harbin yake fitowa. Na san farauta halal ce a addininmu idan maharbi ya ambaci sunan Allah, amma wanda ban san shi ba, ban san me ya faɗa ba, zuciyata ba ta kwanta da namansa ba. Na wannan shagon na kiwo ne. A gona ake kiwon dabbobin, a kai su mayanka, Musulmi ya yanka. Da na tambaya, mai shagon bai ɓata rai ba, ya ɗauko takardar mayankar ya miƙo mini na karanta da kaina. Wannan kaɗai ya sa na ci gaba da komawa wurinsa.

Idan aka shimfiɗa naman a kan katako, launinsa ne zai fara ɗaukar ido. Ja ne mai duhu, ya fi na saniya duhu nesa ba kusa ba, kuma da ƙyar za ki ga farin kitse a jikinsa. Abin da za ki gani shi ne tantani mai sheƙi ya lulluɓe tsokar. Ƙamshinsa bai kai ƙarfin na bunsuru ba, bai ma kai na tsohuwar tunkiyar da ake sayarwa a nan ba. Wanda ya taso yana cin bandar naman daji da maharba ke kawowa kasuwa da rani zai ji wannan ya fi laushi da sauƙin ɗanɗano, domin dabbar ƙarama ce aka yanka, kuma ba ta sha hayaƙi ba.

Rashin kitsen nan shi ne komai a lamarin naman. Shi ke gyara shi a wani girki, shi ke ɓata shi a wani.

A dambun nama ban taɓa samun abin da ya kai shi ba, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wadda ta taso a gidan da ake dambu duk Babbar Sallah. Duk mai yin dambu ta san wahalar da ake sha wajen zaman cire kitse daga naman rago ko na saniya, domin idan ya rage a ciki dambun zai dunƙule, ya yi nauyi, bayan kwana biyu ya canza wari. Cinyar barewa ba ta buƙatar wannan zaman. Nakan cire tantanin da wuƙa mai kaifi, in yanka manya-manya, in ɗora da albasa mai yawa, citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro, attaruhu da gishiri, da ruwa daidai kan nama. Wuta kaɗan-kaɗan har ruwan ya tsotse. Ba ni da babban turmi a nan, sai ƙarami na dutse, amma naman ba ya gardama. Ana taɓa shi da taɓarya yake warwarewa zare-zare, dogaye, sirara. Wajen suya yana shan man gyada fiye da na saniya, don haka a ɗan ƙara hannu, kuma kada a bar gaban tukunyar domin yana saurin kamawa. Abin da ke fitowa dambu ne wasai, mara nauyi, wanda ake zubawa a kwalba ya daɗe bai sauya ba. Da na nuna wa mahaifiyata ta waya, sai ta ce, "Ke 'yar nan, matso da shi kusa in gani. Wannan ai ba a yi masa ha'inci ba." Na ce, "Hajiya, naman ne ya yi rabin aikin."

Ba mu kaɗai muka gane amfanin nama mara kitse wajen ajiya ba. A Afirka ta Kudu da Namibiya suna busar da naman barewarsu, irin su kudu da springbok, da gishiri da ruwan tsami da 'ya'yan koriyanda, suna kiransa biltong. Nasu ya fi kilishinmu kauri, kuma ba sa shafa masa labu, amma dalilin ɗaya ne: kitse ne ke fara lalacewa, tsoka zalla kuwa tana jure zama.

Farfesu ma ya yi, da sharaɗin a sayi ƙwauri ko wuya ko kafaɗa. Waɗannan sassan suna da jijiya da yawa, kuma jijiyar idan ta daɗe a kan wuta mai laushi narkewa take ta ba romo kauri, har ka ji yana ɗan manne wa leɓe. Yana ɗaukar awa biyu zuwa uku. Nakan jefa guntun ƙashin rago mai ɓargo a ciki saboda maiƙo, da daddawa kaɗan. Maigidana, wanda ba ya son canji a abinci, ya sha kwano biyu a wani dare na sanyin Janairu bai ce uffan ba sai da ya gama.

A tsire ne naman yake ba da kunya. Na yanka cinya siri-siri yadda aka saba, na shafa mai, na bi da ƙuli-ƙuli da yaji, na gasa har ya dahu sosai yadda muke so. Ya fito a bushe, yana wahalar tauna kamar tsohon ƙirgi. Turawa sun kauce wa wannan ta hanyar gasa bayan barewa na 'yan mintuna kawai su ci shi da ja-ja a tsakiya, mu kuwa yawancinmu ba za mu iya kai nama mai ja baki ba. Mafitar da na samu ita ce wadda masu tsire na gida suka daɗe da sani: a riƙa soka guntun kitsen rago tsakanin kowace tsoka biyu, a yanka naman da ɗan kauri, wuta ta yi zafi sosai, a sauke da wuri. Haka ya gyaru, ana ci. Duk da haka, idan tsire nake so, rago zan saya in huta, ga shi ya fi arha. Mutanen Finland ma da ke kiwon barewar ƙanƙara a arewacin ƙasarsu, idan za su soya ta sai sun yanka ta fale-fale sun haɗa da man shanu, sannan su bar ta ta turara a ɗan ruwa.

Akwai abubuwan da ba na jin daɗinsu a shagon. Naman ba kullum ake samunsa ba, sai an yi waya an tambaya, wani lokaci a ce sai mako mai zuwa. Idan ya zo a daskare, yaran shagon da zarton inji suke yanka shi, sai ki tarar da garin ƙashi ya manne a tsokar, ki yi ta wanki. Ba sa cire tantani sai kin roƙa, kuma da shi ake aunawa. Sannan ba a rubuta inda kowane kaya ya fito. Wani zuwan na gonakin ƙasar nan ne, wani zuwan daskararre ne daga New Zealand, ƙasar da ta fara kiwon barewa a gona wajen 1970 bayan waɗanda Turawa suka kai can sun yi yawa sun addabi dazuzzuka, yau kuma tana cikin manyan masu fitar da wannan nama a duniya. Dukansu suna da kyau, amma daskararren yana zubar da ruwa da yawa idan ya saki, kuma mai saye tana da haƙƙin ta sani kafin ta biya. Na faɗa wa mai shagon haka, ya saurara, ya ce zai duba.

Kuɗinsa ya fi na rago sosai, cinyar ta kusa ninki biyu. Ba naman miyar yau da gobe ba ne, kuma a miyar kuka ko ta kuɓewa ma ɓacewa yake, ba za ki ji bambancin da kika biya ba. Ƙwauri da wuya sun fi sauƙin kuɗi, su nake ba mai son gwadawa shawara ta fara da su. Mai niyyar dambu kuwa ta yi waya tun farkon mako ta ce a ajiye mata cinya ɗanya wadda ba ta shiga ƙanƙara ba, a zare ƙashin da wuƙa, a ba ta shi daban saboda romo. Idan aka je da safe kafin layi ya taru, babban mahaucin da kansa yake yi, kuma hannunsa ya fi na yaran tsabta.