Suwaitar ulu da ƙaiƙayin jiki: yadda abin yake a Ingila da yadda yake a Kaduna

'Yan uwa na gida, hunturu ya kusa, saƙon "a turo mana rigar sanyi ta Turai" ya fara shigowa. Kafin a turo, akwai abin da ya kamata ku sani game da ulu, domin a nan arewacin Ingila, yankin Bradford da ya yi suna da masaƙun ulu tun ƙarni na 19, ƙaiƙayin suwaita sanannen abu ne, kuma an gano dalilinsa.

Yawancin masu cewa ulu bai karɓe su ba, ba jininsu ne ya ƙi shi ba. Kaurin zare ne. Ana auna silin ulu da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Silin da ya kai maikiron 30 ko ya haura ba ya lanƙwasa idan ya taɓa fata, sai ya tsaya ya soke ta, jijiyoyin fata su kai saƙon ƙaiƙayi. Ulun tumakin Merino mai laushi, wanda galibi daga Ostireliya yake zuwa, yana ƙasa da maikiron 20, shi ya sa ake saƙa rigar ciki da shi ba ya damun mutane da yawa. Zafi da gumi suna ƙara abin. Za ka ga mutum ya fita sallar asuba da suwaita lafiya lau, amma da hantsi ya ɗaga sai susa ta tashi a wuya da wuyan hannu da cikin gwiwar hannu. Fatar da iskar hunturu ta riga ta busar kuwa, ko ta yaron da yake da larurar fata tun asali, ita ta fi jin jiki.

Babban abin da shagunan nan suka fi kasuwarmu shi ne takardar da ke jikin riga. Doka ta tilasta a rubuta abin da aka saƙa ta da shi: ulu kashi kaza cikin 100, zaren roba kashi kaza. Idan ba ta yi maka ba, yawancin manyan shaguna suna karɓa muddin ba ka cire lambar ba kuma kana da rasit. A Kasuwar Barci, idan an fasa dilar gwanjo, sau da yawa takardar ta koɗe ko an yanke ta, kuma in ka biya ka biya. Komai mai gashi-gashi ulu muke ce masa, alhali mafi yawan suwaitocin da ke zube a tabarma akirilik ne, wato zaren roba mai kama da ulu. Gwajin yana da sauƙi. Zaro sili ɗaya daga cikin kalmasa ka kai shi bakin ashana. Ulu na gaskiya yana warin ƙonannen gashi, ya bar gawayi mai murmushewa tsakanin yatsu. Akirilik yana narkewa ya dunƙule baƙi, da tauri. Laushi kuma kada ka gwada shi da tafin hannu, fatar wurin ta yi kauri. Ɗora rigar a gefen wuyanka ko cikin damtsenka na minti biyu zuwa uku.

Akwai kuma waɗanda jikinsu da gaske yake ƙin wani sinadari, sai dai ba su da yawa. Na farko shi ne lanolin, maiƙon da ke jikin gashin tunkiya. Ana wanke mafi yawansa a masana'anta, don haka ya fi shiga jiki ta man shafawa da man leɓe fiye da ta riga. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin wannan larura ta ware shi a matsayin sinadarin da za a sa wa ido a shekarar. Na biyu rini ne, musamman baƙi da shuɗi mai duhu a kan zaren roba. Ga yadda ake bambancewa: sukar zare tana farawa nan take, ta lafa bayan an tuɓe rigar. Ƙin sinadari kuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake fitowa, da ƙananan ƙuraje masu ruwa, kuma yakan yi sati bai baje ba. Idan ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, yana tsakanin yatsu, kuma ya kama mutanen gida, wannan ƙazuwa ce, a bar zargin suwaita.

Wajen magani, kowane ɓangare da nasa. A nan ana yin gwajin da ake manna ƙananan faifai masu ɗauke da sinadarai a gadon baya, a bar su awa 48 ba a jiƙa su ba, a cire a duba, a sake dubawa bayan wasu kwana biyu. Shi yake nuna ainihin abin da jiki ya ƙi. Amma sai likitan unguwa ya tura ka, kuma jiran likitan fata yakan kai watanni. A kemis, cikin abin da za a sayar maka ba takardar likita akwai man haidirokotizon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wato sitiroyid (maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayin fata) mara ƙarfi sosai, a shafa siriri sau ɗaya ko biyu a rana, kada ya wuce kwana 7, ba a fuska ba, kuma ba ga yaron da bai kai shekara 10 ba. Mai kemis zai yi maka tambayoyi kafin ya miƙo.

A gida samun magani ya fi sauri, kuma nan haɗarin yake. Man nan mai haɗi uku da ake miƙo wa duk wanda ya ce yana susa yana ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, irin wanda a nan ba ya fita sai da sa hannun likita. Zai kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, amma yawan shafa shi yana sirantar da fata, ya haskaka wurin, ya bar nankarwa, ya kuma ɓoye makero ya bar shi yana yaɗuwa. Wasunsu akwai niyomaisin a ciki, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda shi kansa sananne ne wajen tayar da ƙuraje. Abin da ya wuce sati biyu a kai shi asibiti, Barau Dikko ko Shika. Idan leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ba a jira gari ya waye.

Abin da kuka fi mu shi ne man kaɗanya. A nan ɗan ƙaramin gwangwani tsada gare shi, ku kuwa yana ko'ina. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a shafa man ko basilin tun jiki da sauran danshi. Sai a sa rigar auduga mai dogon hannu a ciki, wadda wuyanta ya haura na suwaita. A Ingila masu hawan tsauni suna guje wa auduga don tana riƙe gumi a cikin danshi, amma a busasshiyar iskar Kaduna ba ta da matsala. Mai gadi da mai tuƙa Keke su kula da hular sanyi da safa, nan gumi ya fi taruwa.

Kayan gwanjo a wanke su kafin a sa, sau biyu in da hali, har warin dila da na kafur ya fita. Ulu ba ya son ruwan da ya wuce digiri 30, ba ya son cuɗa da murɗa, sai ya tsuke ya yi tauri ya ƙara suka. Garin sabulu mai inzayim (sinadarin narkar da tabo) yana cin zaren, a yi amfani da sabulu mai sauƙi, a ɗauraye sau uku, a shimfiɗa a inuwa. Masu aike daga waje kuma, ga jariri da yaro mai matsalar fata ku tura auduga mai kauri. Ga manya, Merino siriri ɗaya ya isa sanyin Disamba da Janairu, wanda da azahar ya riga ya wuce.