Zagayen laburare a makon farko ko darasi lokacin jinga: wanne ya fi amfanar sabon ɗalibi?

Malama, tambayarki ita ce: an ba laburare ɗan taƙaitaccen lokaci da sababbin ɗalibai, shin a yi amfani da shi wajen zagayawa da su a makon farko, ko kuwa a dakata sai malamin kwas ya ba su jingar farko sannan ma'aikacin laburare ya shiga aji ya koyar? Idan dole sai an ɗauki ɗaya, ni na biyun zan ɗauka. Sai dai kowannensu da matsalar da yake magancewa, don haka bari in jera miki su ki gani.

Babban aikin zagaye shi ne cire tsoro. A 1986 wata ma'aikaciyar laburare a Amurka, Constance Mellon, ta wallafa bincikenta kan abin da ɗalibai kusan 6,000 suka rubuta game da shigarsu laburare. Kashi 75 zuwa 85 cikin ɗari sun bayyana haɗuwarsu ta farko da shi da kalmomin tsoro da fargaba. Abin da ya fi taɓa ni a binciken shi ne dalilin da suka bayar: kowa yana zaton sauran sun iya, shi kaɗai ne bai iya ba, saboda haka sai ya ɓoye rashin saninsa, ya ƙi tambaya. Ɗalibin da aka shigar da shi ta ƙofa, ya ga inda ake yin kati, ya ga teburin aro, ya gaisa da mutumin da aikinsa ke nan amsa tambaya, an rage masa wannan nauyi. Gani ya kori ji. Ga shi kuma zagaye ba ya cin ma'aikata da yawa, cikin 'yan kwanaki an gama da kowa.

Rauninsa yana ga lokacin da ake yin sa. A makon farko hankalin ɗalibi yana kan rajista da masauki da neman ɗakin lacca. Babu wata tambaya ta ilimi da ke damunsa tukuna. Kina lissafa masa rumbunan bayanai na intanet da ake neman maƙalun ilimi a ciki, irin su JSTOR da PubMed da DOAJ, shi kuwa sunaye kawai yake ji, babu abin da zai rataya su a kai. Na bayan layi ma ba sa jin muryarki. Zuwa tsakiyar zango, lokacin da buƙatar ta taso, abin da ya rage a kansa bai wuce inda matakala take ba.

Darasin da aka haɗa da jinga kuwa yana samun ɗalibi da take a hannu da ranar miƙawa a gabansa. A ce an ba shi rubutu kan tasirin sauyin yanayi ga noma. Abin da zai yi da kansa shi ne ya kwafe taken gaba ɗaya ya zuba a Google, ya ɗauki uku na sama. A cikin darasi sai ki sa ya farfasa taken zuwa muhimman kalmomi, ya nemo wa kowace kalma 'yan'uwanta, ya ga yadda haɗa kalmomin da AND (wato "da") ke rage sakamako, haɗa su da OR (wato "ko") kuma ke ƙara shi. Ya gwada a Google Scholar, ya sake gwadawa a rumbun da ya dace da fanninsa, ya kwatanta abin da ya fito. A nan ne yawanci yake gano cewa maƙalar da aka ce sai ya biya kuɗi kafin ya karanta, laburarensa ya riga ya buɗe masa hanyarta. Jami'o'i da yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna da damar shiga Research4Life, shirin da ke buɗe musu mujallun ilimi a intanet, wanda ya ƙunshi Hinari na fannin lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na fannin noma da ya biyo baya a 2003. Abin takaici ne ɗalibi ya gama shekarar farko bai taɓa buɗe su ba, alhali an taɓa faɗa masa sunansu ranar zagaye.

Carol Kuhlthau, wadda ta daɗe tana bin ɗalibai tana duba yadda suke gudanar da bincike, ta nuna cewa ruɗani ba a farkon aiki yake tsananta ba. Yana ƙaruwa ne bayan ɗalibi ya fara karatu ya tarar marubuta suna saɓa wa juna. A wannan gaɓar ce wasu ke karaya su kwafe rubutun wani su miƙa. Zagayen makon farko ya riga ya wuce kafin a zo nan. Darasin cikin aji ana iya ajiye shi daidai wurin.

Inda tazarar ta fi faɗi shi ne tantance madogara, kuma shi ne ya fi damuna. Nemo bayani ya yi sauƙi yanzu, sanin wanda za a yarda da shi ne ya yi wuya. A 2017 Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford suka zaunar da masana tarihi 10, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗalibai 25, suka ba su shafukan intanet su auna ingancinsu. Ɗalibai da da yawa daga cikin masana tarihin suka tsaya a kan shafin suna karanta shi sama da ƙasa, kyan tambari da tsarin rubutu suka ruɗe su. Masu tantance labarai kuwa ba su daɗe ba suka bar shafin, suka buɗe wasu suna neman abin da wasu majiyoyi suka ce game da masu shi, kuma su ne suka fi saurin kaiwa ga gaskiya. Wannan ɗabi'a ba a koyon ta a tsaye ana bin bayan mai jagora. Sai an zauna, an ba ɗalibi shafuka biyu masu kama da juna, ya zaɓa, a tambaye shi hujjarsa, ya ga inda ya zame. Haka ma mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da masana sun duba ba. Haka kuma manazartar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT kan ƙago, da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, amma maƙalar babu ita a duniya. Ki ba aji manazarta biyar, biyu daga ciki na ƙarya, ki ce su nemo kowace a rumbun bayanai. Wanda ya yi wannan aikin sau ɗaya zai riƙa dubawa kafin ya sa wani abu a ƙarshen jingarsa.

Kada in ɓoye miki wahalar hanya ta biyu. Tana rataye a wuyan malaman kwas. Sashen da malaminsa ya gayyace ki zai amfana, wanda bai gayyata ba ɗalibansa sun tashi a tutar babu, wani ɗalibin kuma ya ji darasi ɗaya sau uku a kwasa-kwasai daban-daban. Tana kuma cin lokacin ma'aikata, domin abin da za a shirya wa ɗaliban shari'a ba shi za a kai wa na kimiyyar haɗa magunguna ba. Mafita ita ce ki zauna da kowace tsangaya a tsayar da kwas ɗaya na dole a shekarar farko wanda darasin zai zauna a cikinsa duk shekara, ko an sauya malami.

Akwai abu ɗaya da zagaye ya fi iyawa, wato koyar da yadda ake nemo littafi a kan kanta, muddin an mai da shi aiki. Ɗalibi ya san cewa lambar da ke bayan littafi adireshinsa ce. A tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda jami'o'i da yawa ke bi, K shari'a ce, L ilimi, Q kimiyya, R likitanci, S noma. A tsarin Dewey, wanda ya fito a 1876, lambobi ake bi, 500 kimiyya, 600 fasaha. Ki miƙa wa kowane mutum biyu takarda mai sunan littafi, su nemo lambarsa a katalog, su je kanta su ɗauko, su rubuto sunayen littattafai biyu da ke maƙwabtaka da shi. Da haka za su gane da kansu cewa littattafan fanni ɗaya wuri ɗaya suke zama.

Saboda haka da ni ce, sai in yanki kamar rabin awa a makon farko don wannan aikin na nemo littafi a kan kanta da yin kati da gaisawa da ma'aikata, ba tare da ambaton ko rumbu ɗaya ba. Sauran lokacin duka in ajiye shi sai bayan an ba da jingar farko da 'yan kwanaki. Kafin ki shiga ajin, ki karɓi takardar jingar daga malamin ki gwada binciken da kanki, ki kuma roƙe shi ya ware maki, ko kaɗan ne, ga ingancin madogarar da ɗalibi ya kawo da bayanin inda ya samo ta.