Kwarangwal ɗin roba da yumbu a ajin anatomi: yadda na same shi

Ina koyar da anatomi, wato ilimin sassan jikin mutum, ga ɗaliban likitanci da ba su fara shiga asibiti ba, kuma tun bara muke aiki da wani kayan koyarwa: rabin kwarangwal na roba, tsayinsa kamar kamu biyu, a tsaye kan katako. Yana zuwa da yumbun roba kala huɗu. Ruwan ƙasa na tsoka ne, ja na jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya, shuɗi na masu mayar da shi, rawaya kuma na jijiyoyin laka. Akwai 'yan sandunan sassaƙa da ƙaramin littafin jagora.

A ɗakin feɗe gawa ana farawa ne daga fata a nutsa ciki, kafin a kai ƙashi an yanke abubuwa da yawa. A nan kuwa daga ƙashi ake tasowa. Ɗalibi ba zai ɗora tsoka ba sai ya san inda ta faro da inda ta kama, kuma dole ya fara da ta ƙasa kafin ta sama. Wannan tilas ɗin shi ne darajar kayan gaba ɗaya.

Ga abin da na gani da idona. A bayan ƙashin dantse akwai wani kwari da jijiyar radiyal ke bi, wato jijiyar laka da ke sa a iya ɗaga wuyan hannu. Wata ɗaliba ta murza rawayan yumbu ya zama siriri, ta kwantar da shi cikin kwarin, sannan ta rufe da tsokar bayan dantse. Na ce mata idan ƙashin ya karye a tsakiya fa? Ta ɗaga tsokar, ta duba, ta saki wuyan hannunta ya langaɓe. Ba wanda ya gaya mata amsar. Haka ma a wuyan hannu, inda agara 9 da wata jijiyar laka da ake kira midiyan ke ratsa ƴar ƙaramar hanya guda: duk wanda ya yi fama ya cusa su da yatsunsa ya gane dalilin da kumburi kaɗan ke sa babban yatsa da na kusa da shi su mutu.

Amma akwai gyara. Ƙasusuwan wuyan hannu 8 ne, su kuma masu kayan sun dunƙule su wuri ɗaya, ba a rabe wannan da wancan. Abin ya dame ni ƙwarai, domin wurin na yawan fitowa a jarrabawa da kuma hoton ƙashi. Yumbun ma idan ya ji ɗumin hannu sai ya saki, musamman a cikin allon kafaɗa, tsoka ta zame ta faɗo. Littafin jagorar kuwa yana nuna hoton aikin a gama, ɗalibai sai su kwafa kawai. Yanzu nakan karɓe shi, in bar su da jerin mafari da makamar kowace tsoka.

Ba ya maye gurbin gawa. Babu tantanin da ke raba tsokoki, babu kitse, babu bambancin da ake samu daga jiki zuwa jiki. A yi aiki da shi kafin ranar feɗa, ɗalibai biyu ko uku a kan kwarangwal ɗaya, a kuma ware wa hannu kaɗai zama biyu, domin zama ɗaya ba ya isa.