Wata 14 da kwalin koyon bonsai a hannuna

Da gangan na ƙi rubuta komai a kan wannan kwalin tun lokacin da ya iso, domin kayan renon bishiya ba a gane ingancinsu a mako ɗaya. Yanzu wata 14 ke nan. Kwalin na masu fara koyon bonsai ne, wato fasahar renon bishiya ta tsaya ƴar ƙarama a cikin kasko, kuma ga abin da na tarar a ciki: ƴar bishiya mai rai irin ficus, wato dangin ɓaure, tsayinta kamar santimita 25, da kasko mai faɗi marar zurfi, da almakashi, da wani abin yankan reshe mai kama da filaya, da naɗin waya uku, da jakar ƙasa, da ƙunshin iri huɗu, sai ɗan littafin bayani.

Abin yankan reshen nan shi ne ya fi komai burge ni. Bakinsa a lanƙwashe yake, saboda haka idan ya cire reshe ba ya barin guntu a tsaye, ɗan rami yake bari a jikin gindin. Ranar da na fara amfani da shi gabana ya faɗi, na ɗauka na yi wa bishiyar illa. Reshen ya kai kaurin fensir, ruwa fari kamar madara ya tsattsafo daga wurin, ya manne min a yatsa. Ashe hikimar tana cikin ramin. Idan bishiya za ta warke, ɓawo yana kumburowa ne daga gefen ciwon yana tafiya tsakiya, to ramin shi ke ba wa kumburin wurin zama, sai jikin ya koma sumul. Yau idan na shafa wurin, ɗan zobe kawai nake ji ƙarƙashin yatsana. Sai dai ƙarfen yana saurin tsatsa. Madarar ficus tana daskarewa a bakinsa, dole a goge shi bayan kowane aiki a ɗan shafa masa mai. Almakashin kuwa ba yabo ba fallasa, yana yanka ganye da ƙananan rassa, iyakarsa ke nan.

Wayar ta alminiyom ce, kauri uku: milimita 1, da 1.5, da 2.5. Tana da laushi, tana bin hannu, kuma littafin ya yi bayanin naɗa ta daidai: a zaɓi wayar da kaurinta ya kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen, a naɗa a karkace kamar digiri 45, sannan a lanƙwasa reshen a hankali da yatsun hannu biyu. Inda ya ɓata min rai shi ne cewa da ya yi a bar wayar wata shida. Wannan zai iya yiwuwa ga bishiyar da ke girma a hankali, amma ficus idan ta sami haske da ɗumi ba ta jira. Cikin mako bakwai wayar ta nutse a ɓawon reshen da na fi so. Na cire ta, amma sawun yana nan har yau, ya zagaye reshen kamar an ɗaure shi da zare. Duk lokacin da na juya kaskon sai idona ya faɗa kansa, kuma yana yi min ciwo, domin layi ɗaya a littafin da ya ce a riƙa dubawa kowane mako da ya hana faruwar haka. Wani abin kuma, waya ba a warware ta daga reshe, guntu-guntu ake datse ta, amma babu abin datse waya a kwalin.

Batun ban ruwa ma haka. Littafin ya ce sau biyu a mako, kamar bishiya tana duba kalanda. Ƙasar da suka sako mai kyau ce ƙwarai: haɗin akadama, wani yumɓu mai ƙwaya-ƙwaya da ake haƙowa a Japan, da tsakuwar dutse mai aman wuta. Ruwa yana ratsa ta nan take ya fita ta ramukan ƙasan kasko, iska tana kaiwa ga saiwa, saiwar ba ta ruɓewa. Amma irin wannan ƙasa tana saurin bushewa, a kwanakin zafi kullum nake ba da ruwa. Abin da ya cece ni shi ne lura da launin akadamar: tana yin duhu idan ta jiƙe, tana yin haske idan ta bushe. Sai in tura yatsa kamar santimita ɗaya, in na ji babu danshi in zuba har ya fito ta ƙasa. A makonni uku na farko ganye ya yi ta zuba, hankalina ya tashi, daga baya na fahimci halin ficus ne idan an canza mata wuri. Da na ajiye ta a tagar da ta fi samun rana na daina ɗaga ta, toho ya fito ko'ina.

Ƙunshin irin nan ne ban yarda da shi ba sam. An rubuta a jikinsa wai irin bonsai, alhali babu wani iri mai wannan suna. Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta shuka a cikin faranti, kuma aikin hannu ne: datse saiwa, datse rassa, ƙaramin kasko, shekara bayan shekara. Daga ƙasar Sin fasahar ta taso, inda ake kiranta penjing, har akwai zanenta a bangon kabarin wani yarima na daular Tang tun shekarar 706, kafin Japanawa su ɗauka su gyara ta yadda muka san ta. Wata shahararriyar bishiyar pain (pine, mai ganye kamar allura) ta iyalan Yamaki na Japan, wadda ake reno tun 1625, ta tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, aka ba Amurka kyautarta a 1976, bishiyar pain ce kamar sauran ƴan uwanta na kan duwatsu. Hannuwan zuri'a bayan zuri'a ne suka riƙe ta a kasko. Irin da ke kwalin ma na bishiyoyin daji ne, wasu sai sun sha sanyi na makonni kafin su tsiro, kuma wanda ya tsiro sai ya shekara uku zuwa biyar kafin a fara yi masa siffa. Ƙunshi biyu ne suka fito min. Ina renon su, ina son su, amma mai sayen kwali da zaton zai ga bonsai daga iri cikin shekara ɗaya an yaudare shi.

A wata na 11 na yi mata dashen farko. Na zare ta daga kaskon, na tsefe saiwar da ɗan tsinke, na rage kamar kashi ɗaya cikin uku. Da na share tsohuwar ƙasar da ke wuyan gindin, sai ga saiwoyi biyar sun bazu kowace ta kama gabanta, abin da masu wannan fasaha ke kira nebari. Na daɗe a zaune ina kallonsu kafin in zuba sabuwar ƙasa, na bar su a waje yadda ido zai gan su.

Wanda bai taɓa riƙe bonsai ba, zan ce ya sayi irin wannan kwali, muddin akwai bishiya mai rai a ciki. Ya haɗa da abin datse waya, ya karanta littafin don sanin yadda ake naɗi da yanka, amma kwanakin da aka ƙayyade a ciki ya bar su ya riƙa duba bishiyarsa. Tawa yanzu ta fitar da sabbin rassa uku a ɓangaren hagu, ina jira kowanne ya kai ganye shida zuwa takwas in datse shi ya koma ganye biyu.