Sinadaran biodizal: wanne ya cancanci kuɗinka?

Biodizal, wato dizal ɗin da ake haɗawa daga manja, waken soya, binidazugu ko tsohon man suya, yana rage baƙin hayaki saboda akwai oksijin a jikinsa. Sai dai tsantsarsa (B100) ba ta kai dizal ƙarfi ba, tazarar kusan kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari a kowace lita, kuma takan ɗan ƙara NOx, wato wata gurɓatacciyar iska da ke fita ta salansa. Wannan giɓin masu sayar da kwalaben sinadarin da ake ƙara wa mai ke cewa za su cike maka.

A ƙasa mai zafi irin tamu, abin da ya fi cancantar kuɗinka shi ne mai hana man lalacewa, irin su TBHQ da BHT. Biodizal na tsufa kamar man gyaɗa da aka manta a rana: ya yi tsami, ya yi danƙo, ya toshe filta da nozul. Mai janareta ko injin ban ruwa da ke ajiye mai na watanni, wannan nasa ne. A zuba shi tun man yana sabo, domin ba ya farfaɗo da wanda ya riga ya lalace. Kuma banza ne in tankinka na da jan ƙarfe, tagulla ko shafen zinki, don su ke hanzarta ɓacin.

Na biyu, maganin ƙwayoyin cuta. Biodizal na jan laima, ruwan ya kwanta a gindin tanki, yauƙi ya taso. Maganin na aiki, amma tsiyaye ruwan ya fi arha.

Mai ƙara lambar siten (ma'aunin saurin kamawar mai a cikin inji), galibi 2-EHN, yana sa mai ya kama da wuri, injin ya rage ƙara, NOx ma kan ɗan sauka a tsofaffin injuna. Biodizal na manja dama sitensa na da yawa, don haka ribar kaɗan ce; na waken soya ya fi amfana.

Mai hana daskarewa kuwa don Turai aka yi shi. In ba na manja kake amfani da shi a Jos ko Agadas cikin hunturu ba, inda yakan fara kauri da sanyin dare, bar shi a kanti. Ko a can, ƙara dizal a gaurayen ya fi.

Waɗanda nake ɗari-ɗari da su su ne masu ƙurar ƙarfe, irin su seriyam oksaid. A gwaje-gwajen ɗakin bincike suna rage hayaki, amma ƙarfe ba ya ƙonewa, toka yake zama, ko ta maƙale a inji ko ta fita ta salansa mutane su shaƙa. Zuba etanol ma kasada ce: siten zai faɗi, man kuma ya fi saurin kama wuta a ajiya.

In B5 ko B7 kake saya, wato dizal mai kashi 5 ko 7 cikin ɗari na biodizal, kuma kana ƙarar da shi cikin 'yan makonni, ba ka buƙatar ko ɗaya. Tanadi filta biyu kawai, domin biodizal na iya wanko tsohuwar dauɗar tankin.