Zuwa ga Hafsatu, kafin watan haihuwarki ya kama

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki na daren Laraba na saurare shi har sau uku, kuma na rubuta kayan da kika ce in sako miki a jakar mai tahowa Kano: rigunan jarirai, keken turawa, madarar gwangwani. Kafin in shiga kanti bari in ba ki labarin yadda abin yake a nan Birmingham, tunda kin san Sadiq a ɗakin Umma na yi jegonsa, Amira kuwa a nan Ingila na haife ta.

Maganar kaya ba ta da tsawo. Rigunan jarirai da araha a kantunan Primark da Asda, amma yawancinsu don sanyi aka ɗinka su, masu rufe ƙafa har tafin sawu. Ke kuma lissafinki watan Afrilu ne, lokacin da ko babba ba ya iya barci a ɗaki a Gwammaja. Ki sa wa jariri irin wannan, kafin suna ƙurajen zafi sun feso masa. Zan ɗauko miki 'yan shimi na auduga marasa nauyi, sauran ki duba na ɗanki Khalifa da kika adana, ki ƙara da abin da ya samu a Kantin Kwari. Gwanjon da ake buɗe dilarsa a Ƙofar Wambai ma, da yawansa daga irin ƙasashen nan yake tasowa. Keken turawa kuwa a ina za ki tura shi, a lungunmu mai kwata a tsakiya? Matan nan kuɗi suke zubawa su sayi abin goyo mai igiyoyi da maɓallai. Ranar da ma'aikaciyar lafiya ta zo duba Amira ta tarar na goya ta da zani da majanyi ina wanke-wanke, tsayawa ta yi ta ce in kwance in sake ɗaurawa tana kallo. Madara kuma ki bar ta sai in likita ya ce. A nan doka ma ta hana tallan madarar sababbin haihuwa, nono suke ta kwaɗaita wa mata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne awo. Mutanen gida suna cewa asibiti kyauta ne a Ingila. Mu baƙi sai mun biya kuɗin lafiya tare da na biza, kuma tun Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a shekara a kan kowane babba. Amma da an biya, shi ke nan. Hoton ciki sau biyu, wajen mako 12 da mako 20. Duk zuwa awo sai ungozoma ta auna hawan jini, ta gwada fitsari, ta rubuta. Magani kyauta ga mai ciki har shekara guda bayan haihuwa. Babu wanda ya ce wa Baban Sadiq ya nemo jini ko ya je kemis sayen safar hannu. A wata na takwas jinina ya hau, ni ban ji komai ba sai ɗan ciwon kai da kumburin ƙafa, irin wanda a gida za a ce ai na ciki ne. Awon ne ya kama shi.

Shi ya sa hankalina bai kwanta ba da kika ce wai ciki na biyu ne, kin san hanya, sau biyu kawai kika je. Don girman Allah Hafsatu, ki koma. Ga Asibitin Murtala, ga na Malam Aminu Kano, ga ƙananan asibitocin unguwa. Na san layi, na san fitar asuba, na bi shi da cikin Sadiq. Kuɗin keken turawan nan zan turo wa Baban Khalifa a ajiye na awo da na ranar haihuwa. A san rukunin jininki tun yanzu, a san waye a dangi zai bayar in an buƙata, kuma a yi magana da maƙwabci mai mota, don naƙuda ba ta jiran gari ya waye, adaidaita kuma ba kullum ake samu da tsakar dare ba.

Yanzu ki ji inda suka gaza mu. Daren da naƙudar Amira ta taso, ƙarfe biyu, damuwarmu ba asibiti ba ce, Sadiq ne. Wa za a bar wa yaro ɗan shekara uku? Sai da muka tashi wata baiwar Allah 'yar Sudan da muke haɗuwa a masallaci, muka miƙa mata shi cikin bargo yana kuka. Kwana ɗaya aka sallame ni. Ungozoma ta biyo ni gida, ranar ta biyar ta ɗebi jini a diddigen jaririya, ta rubuta nauyinta a jan littafin da ake ba kowane yaro, ta tafi. Hutun uba mako biyu ne, ya ƙare, na rage daga ni sai yara biyu da sanyi. Wankan jego da butar lantarki na yi shi, ina dafawa ina juyewa a bokiti, babu ganyen darbejiya, babu mai gasa mini baya. Ina zaune a bakin baho na tuna Gwaggo tana hura itace tun kafin assalatu, tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, ni kuma ina ta raki. Wallahi sai hawaye. Ragon suna ma a ƙofar gidan Baba aka yanka, ta waya na ga 'yan barka.

Ke kina da wannan duka, sai dai kada ki ɗauka zai zo da kansa. Wannan karon babu goyon ciki, a ɗakinki za ki haihu. Ki je ki roƙi Gwaggo da bakinki ta zo ta zauna miki har arba'in. Khalifa kuma a fara kai shi kwana wajen Umma tun yanzu, jefi-jefi, don kada ya ga ranar da ƙaninsa ya zo ita ce ranar da aka raba shi da ke. Sadiq ya yi wata guda yana fitsarin kwance saboda kishi, bayan ya daɗe da dainawa. In 'yan barka sun cika ɗaki, wani ya riƙa ɗaukarsa shi ma.

Kunun kanwa ki sha kaɗan, likitoci sun daɗe suna jan kunne a kan yawan kanwa ga mai jego, balle in jini ya taɓa hawa. Na san Gwaggo za ta ce boko ne, ki ce mata ni na ce.

Mai jakar zai taso ƙarshen wata. In zai dawo a ba shi yajin jego da daddawa, nawa ya ƙare tun azumi. Ki gaida Umma da Baba, ki shafa mini kan Khalifa, kuma ranar da kika koma awo ki ɗauki hoton katin ki turo mini in ga abin da aka rubuta. Allah ya raba lafiya.

Yayarki, Bilkisu